Kayan Gwajin Korona: Wa Ke Da Ikon Ganin Lissafin?

Ina so in yi amfani da wannan fili in yi bayani a kan ƙarancin kayan gwaji da aka yi fama da shi lokacin annobar korona, da kuma ikon da doka ta ba kowane ɗan ƙasa ya nemi ganin takardun hukuma game da wannan al'amari. Na san wani zai ce, to, mu da ke Birnin Kudu da Gwaram ina ruwanmu da takardun da ke jibge a ofisoshin Dutse da Abuja? Da ruwanmu mana, domin da lissafin da ke cikin takardun nan ne aka riƙa yanke shawarar rufe gari ko buɗe shi, a hana kasuwa ci ko a bar ta ta ci.

Da farko ya kamata mu fahimci yadda gwajin yake. Ba kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro ba ne, wanda za a soki yatsa a ɗiga jini, kafin ka gama gyara zama an faɗa maka sakamako. A farkon annobar, gwajin da aka dogara da shi sai an zura wani tsinke mai auduga a hanci ko maƙogwaro an lakato majina, a saka ta cikin 'yar kwalba mai wani ruwa na musamman, a sa kwalbar cikin akwatin sanyi, sa'an nan a kai ta ɗakin gwaje-gwaje. A can ne za a yi amfani da wasu sinadarai a tsamo ƙwayar halittar cutar daga cikin majinar, kana a saka cikin na'urar da ke ruɓanya ta har ta kai yawan da za a iya gane ta. Tsinke, kwalba, ƙanƙara, mota, sinadari, na'ura, wutar lantarki, da ma'aikacin da ya san aikin, in ɗaya daga cikinsu ya yanke, duk sauran sun zama kayan kallo. Galibin kayan nan kuwa daga ƙasashen waje ake sayo su, kuma a 2020 duniya duka su take wawa, har da Amurka da Ingila masu kuɗin saye.

An sami mutum na farko mai cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, wani Baitaliye ne da ya sauka a Legas. A lokacin ɗakunan da ke iya wannan gwaji a ƙasar nan ba su wuce biyar ba, kuma babu ko ɗaya a jihohinmu na Arewa maso Yamma. A watan Maris attajirin nan na ƙasar Sin, Jack Ma, ya ba kowace ƙasar Afirka kyautar kayan gwaji 20,000. Kyauta ce mai kyau, amma a ƙasar da mutanenta suka kai miliyan 200, wannan ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishi. Cikin watan Afrilu aka buɗe ɗakin gwaji a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, bai daɗe da fara aiki ba aka dakatar da shi na wasu kwanaki, saboda sinadarai sun yanke, wasu ma'aikatan kuma sun kamu da cutar. A ƙarshen wannan watan ne shugaban Hukumar Yaƙi da Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, wato NCDC, na lokacin, Dokta Chikwe Ihekweazu, ya fito a shafinsa na Twitter yana cigiyar sinadarin tsamo ƙwayar cutar, ko akwai mai shi a ajiye. Ni a ganina wannan mutum ya kyauta, domin ya faɗi gaskiyar halin da ake ciki a bainar jama'a.

To, mu a Jigawa a wannan lokaci ba mu da ɗakin gwaji namu, sai daga baya aka kafa a Dutse. Majinar da aka ɗauka a wajenmu sai ta yi tafiya zuwa Kano ko Abuja, ta je ta bi layi. Ka duba mutumin wani ƙauye a ƙasar Gwaram, kusa da iyakar Bauchi, a ce tari da zazzaɓi sun kama shi. Kafin a zo a ɗauki majinarsa, a kai, a gwada, sakamako ya dawo, ko dai ya warke ya koma gona, ko kuma an kai shi makwancinsa. Ga kuma almajiran da jihohi suka riƙa mayar wa juna a mota a watannin Afrilu da Mayu, waɗanda su ma suna bukatar gwaji kafin a kai su gidajen iyayensu.

A nan ne nake so mu tsaya mu yi ɗan lissafi, domin shi ne zuciyar maganar. A lokacin annobar, kowane dare NCDC takan fitar da adadin waɗanda aka samu da cutar a kowace jiha, mutane kuma su ji a rediyo da safe. In an ce jiha kaza mutum biyu, sai a ce alhamdu lillahi, abin bai zo mana da ƙarfi ba. Amma mutum biyu daga cikin nawa da aka gwada? A ce malami yana da ɗalibai 40, takardun jarrabawar da ke hannunsa guda biyar ne, ya raba wa biyar, ɗaya ya faɗi. Sai ya je ya gaya wa shugaban makaranta cewa ɗalibi ɗaya ne ya faɗi a ajinsa. Bai yi ƙarya ba, amma kuma shugaban bai san halin da ajin ke ciki ba. Haka adadin masu cuta yake in ba a haɗa shi da adadin waɗanda aka gwada, da yawan kayan gwajin da aka aiko, da kwanakin da aka yi babu su ba.

Abin da ya faru a Kano ya isa misali. A watan Afrilu masu haƙar kabari suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce yadda suka saba gani. Da yake gwaji ya yi ƙaranci, kuma mu Musulmi ba mu jinkirta jana'iza, babu mai iya cewa ga abin da ya kashe mutanen. Sai da aka tura masu bincike suka bi gida gida suna tambayar iyalan mamata irin ciwon da suka yi. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da sanarwar cewa an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu. A watan Mayu an ji irin wannan labari na yawan mace-mace daga Haɗeja da kuma Azare. Mu da muke yara a lokacin mun ji manya suna gardama a ƙofar gida, wannan ya ce cutar ta masu hawa jirgin sama ce, wancan ya ce babu ta sam, dabarar cin kuɗi ce. Inda babu sahihin bayani, ji-ta-ji-ta ce ke cin kasuwarta.

Alhali kuwa bayanin nan yana nan a rubuce. Aikin gwamnati da takarda ake yinsa. Kayan da suka shiga sito akwai littafin da ma'ajin sito ke rubuta su, waɗanda suka fita akwai takardar da direba ya sa wa hannu, abin da aka saya akwai takardar kwangila da rasit, kyautar da aka karɓa akwai wasiƙar godiya. Tambayar ita ce, wa ke da ikon buɗe waɗannan littattafai?

Amsar tana cikin Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ran 28 ga Mayu, 2011, bayan ta shafe fiye da shekara goma ana kai ruwa rana a kanta a Majalisar Tarayya. Ba mu muka fara ba, ƙasar Suwidin tana da irinta tun 1766, Amurka kuma tun 1966. Dokar ta ce kowane mutum yana da ikon neman bayanin da ke hannun ma'aikatar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilin da ya sa yake nema ba. Ma'aikatar tana da kwana bakwai ta ba da amsa, in takardun suna da yawa ta ƙara wasu bakwai. In za ta hana, dole ta rubuto dalili, ta nuna sashen dokar da ta dogara da shi. Kuɗin da za a karɓa daga mai nema bai wuce na kwafar takardun ba. Wanda kotu ta samu ya hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, tararsa Naira 500,000, wanda kuwa ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke ciki da gangan, ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda aka tuna da iyayenmu da ba su yi boko ba: wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya nema masa, in kuma da baki ya yi tambaya, ma'aikacin ne zai rubuta ta ya ba shi kwafi. Wato ɗalibin aji huɗu yana iya zama alƙalamin kakansa.

An yi amfani da dokar a lokacin annobar. Ƙungiyar SERAP da ke Legas ta rubuta wa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NCDC a 2020 tana neman bayanin kuɗin da aka kashe da gwajin da aka yi, daga baya kuma ta kai maganar kotu. Sai dai na daɗe ina jin cewa jihohi da yawa sun riƙa cewa dokar ta Tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisarsu ta yi tata. Wannan ƙofa yanzu an rufe ta. A 2014 wasu mutane a Jihar Edo suka nemi takardun hukumar jihar mai yaƙi da cutar ƙanjamau, aka hana su, shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ran 11 ga Afrilu, 2025 ta yanke hukunci cewa dokar ta shafi jihohi duka. Shekara goma sha ɗaya ke nan a kan tambaya guda! Amma saboda haƙurinsu, yau Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da ofisoshin ƙananan hukumominmu 27 duk suna ƙarƙashin wannan doka.

Wani zai ce, ashe ke nan za a tona asirin marasa lafiya? A'a. Dokar da kanta ta hana fitar da bayanin da ya shafi sirrin mutum, har da abin da ke tsakanin majinyaci da likitansa. Ba sunan wanda ya kamu ake nema ba, yawan kwalaben da aka aiko ake tambaya. Wani kuma zai ce abin da ya wuce ya wuce, tun ran 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Haka ne, amma sanƙarau da amai da gudawa da mashaƙo ba su daina ziyartar ƙasarmu ba, kuma su ma da kayan gwaji ake gane su, ta hanyar motar nan da siton nan. Kuma mun ga abin da ɓoye takarda ke jawowa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya gama rahotonsa a 2001, amma jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai 2006, da jaridar Washington Post ta Amurka ta samo shi ta buga. A tsakanin nan ne, a 2003, aka ƙaurace wa allurar shan-inna a Kano, kuma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi.

Ga mai son gwadawa, wasiƙar ba ta da wuya, ba ta kai wadda muke rubutawa a jarrabawa wahala ba. A rubuta wa shugaban ma'aikatar, a ambaci dokar ta 2011, sa'an nan a yi tambaya takamaimai. Kada a ce, ku faɗa mana yadda aka yi da kayan korona, domin irin wannan tambaya amsarta ita ce an yi abin da ya dace. A ce, kayan ɗaukar majina nawa aka aiko Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu daga Afrilu zuwa Yuni 2020, kuma a waɗanne ranaku? Mutum nawa aka ɗauki majinarsu a Gwaram, wane ɗakin gwaji aka kai, kwana nawa sakamako ya yi kafin ya dawo? A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa akawun da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida a adana, domin daga ranar da ke jikin hatimin ne ake fara ƙirga kwana bakwai. In wa'adi ya cika shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin an hana, mai nema kuma yana da kwana 30 ya shigar da ƙara a Babbar Kotu.