Jini a Kan Asuwaki

In kana ganin jini a kan asuwaki ko buroshi kullum da safe, kada ka ɗauka ƙarfin guga ne. Sau da yawa alamar ciwon dasashi ce, kuma ciwon dasashi ba a baki yake tsayawa ba. Ƙwayoyin cutar da ke maƙale a gindin haƙora kan kutsa cikin jini, sai hanta ta ƙara fitar da sinadarin CRP, alamar kumburi a jiki. Bayan likitan haƙori ya kankare dattin da ya daskare, CRP kan hau na 'yan kwanaki, kada hankalinka ya tashi. Cikin watanni yakan sauka. Masu ciwon suga ma sukan ga sauƙi a awon sugansu. In za a ɗebi jininka jim kaɗan bayan an kankare maka dattin, gaya wa likita an wanke maka haƙora.