Daga tafiyarta ake gane ƙwayar cuta

Cikin watan Yuli na 2018, kwalara, wato zawo da amai, ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta bazu cikin jihar Maraɗi. A 2021 ta sake dawowa. Don haka ya kamata mutanen Tasawa da Mayahi su san yadda likita ke gane ta.

Abin da ke kawo kwalara wata ƙwaya ce mai rai. Ana ce ma irinta bakteriya. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci.

Waɗansu ƙwayoyin suna da wutsiya siririya. Wutsiyar na juyawa kamar mazari, tana tura ƙwayar cikin ruwa. Ƙwayar kwalara a lanƙwashe take, wutsiyarta guda, tana gilmawa kamar kibiya. Ƙwayar taifot tana da wutsiyoyi da yawa kewaye da jikinta. Ƙwayar Shigela, mai kawo atuni, ba ta da wutsiya. Motsi kawai take yi wuri guda, ba ta tafiya.

In anka kawo mai zawo, ma'aikacin ɗakin awo na ɗiban ɗigo guda na bayan gidan. Ya sa bisa gilashi, ya duba. In ya ga ƙwayoyi na gilmawa da sauri, sai ya yi zaton kwalara. Wannan alama ce ta farko. Kafin a tabbatar, sai an reni ƙwayar an ƙara gwaji. Babban ɗakin awon da ke tabbatarwa shi ne CERMES, a Yamai.

Amma in bayan gidan ya daɗe ko ya bushe, ƙwayar na daina tafiya. In maras lafiya ya sha maganin tebur, ganinta na yin wuya. Awo ya ɓaci, alhali kwalara na iya kashe babban mutum cikin yini guda.

Saboda haka, mai zawo kamar ruwan shinkafa, a kai shi gidan likita nan da nan. A riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari bisa hanya. In likita ya nemi bayan gida, a bada sabo, kada a ji kunya. Awon mutum guda na iya tsirar da gari duka.

Tambayoyi:
1. Da mi ƙwayar kwalara ke tafiya?
2. Wace ƙwaya ce ba ta tafiya?
3. Don mi ake son sabon bayan gida?