A wasa hankalin tsoho kafin a yi mishi aiki

Jama'a, kun sha ganin wannan. An kai tsoho asibiti, an sa shi barci, an yi mishi aikin gwaiwa ko na karaya. Aiki ya yi kyau. Bayan kwana ɗaya ko biyu, sai hankalinshi ya ruɗe. Bai gane ɗanshi ba. Shina cewa shina gona, alhali shina bisa gado. Da dare abin ya fi tsanani. Wani kuwa sai ya yi shiru, sai barci, har ba a lura ba.

Waɗansu su ce iskoki ne. A'a, ciwo ne, lokotoro ya san shi. Ƙwaƙwalwar tsoho ce ta sha wuya da aikin, da maganin barci, da zafin miki, da ƙishirwa, da baƙon wuri. Yawanci shina wucewa cikin kwanaki. Amma shina tsawaita kwanciya asibiti, kuma wani tsohon ba ya komawa daidai kamar da.

Ko ana iya rage shi tun kafin aiki? A Amurka, likitocin jami'ar jihar Ohayo sun gwada, sun bayyana sakamako a 2020. Mutum 251 ne, masu shekara 60 ko fiye, duk suna jiran babban aiki. Aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka ba su wasannin tunani cikin na'ura mai kama da babbar salula, aka ce su yi awa 10 kafin ranar aiki. Da yawa ba su cika awa 10 ba. Duk da haka, cikin 100, wajen 14 suka ruɗe. Waɗanda ba a ba wasa ba, 23. Gwaji guda bai isa a yanke hukunci ba, amma wasan ba ya cutar da kowa.

Mu nan, na'urar ba ta hannun kowa. Muna da dara, da kacici-kacici, da lissafin dammunan hatsi, da karatun wannan jarida. Ba su aka gwada ba, amma su ma suna sa tunani aiki. In an sa wa baba rana, kar a bar shi zaune jugum. Jika shi zauna da shi kullum, ko awa guda.

Bayan aiki, a ba shi tabaraunshi. Wanda ya sani shi zauna kusa, shi riƙa gaya mishi rana da wurin da yake. In magana ta fara ruɗewa, a kira lokotoro nan take.