Girkin Sallar Layya: Tukunya Ɗaya, Amma A Duba Lafiyar Kowa



Ya ku magidanta da uwayen gida, darasinmu na yau a kan girkin Babbar Sallah ne. Ranar nan gida cika yake yi: ga Baba, ga Inna, ga gwaggo daga ƙauye, ga amarya mai juna biyu, ga jikoki. Duk tukunya ɗaya za su ci, alhali jikinsu ba ɗaya ba ne. Sau da yawa kwana biyu bayan Sallah sai ka ji an ce jinin Baba ya hau, ko sugan Hajiya ya tashi, ko yara duk gudawa suke. A ce ai sharrin nama ne. Naman layya ba shi da laifi, yadda muke sarrafa shi ne abin dubawa.

*Ma'aunin farko*

Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikariba (RA) cewa Annabi (SAW) ya koyar da a kasa ciki uku: kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar wa numfashi. Wannan koyarwa ba a ɗage ta don Sallah ba. To ka duba yadda muke yi: hanta da safe, farfesu da hantsi, waina da miya da azahar, soye da la'asar, sannan a shiga gidan ƙanin uba a ce wallahi sai ka taɓa. Ina numfashi zai samu wuri?

Maigida, in kana son baƙonka, kada ka rantse masa sai ya ci. Ƙulla masa ya tafi da shi, ladanka yana nan.

*Dabarar uwargida: a raba kafin a ɗanɗana*

Ba sai kin ɗora tukunya uku ba. Mu ɗauki miyar taushe misali. Ki dafa nama da albasa, tafarnuwa, citta da daddawa. Ki zuba kabewa ta nuna ki dama, ki sa gyaɗa kaɗan, sannan alayyahu da yakuwa. A nan sai ki dakata. Ki ɗebi ta masu lalura a ƙaramar tukunya tun kafin ki sa dunƙule, gishiri da attaruhu. Ragowar ki ƙarasa yadda kika saba.

Ta masu lalurar kuwa, ƙara mata daddawa da albasa, tsamin yakuwa zai tashi ɗanɗanon. Kabewa kuma abinci ne mai albarka. Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa ya ga Annabi (SAW) yana bin yankan kabewa a cikin kwano yana ci.

Haka farfesu. Ki dafa, ki sauke ya huce, kitsen zai taso sama ya daskare. Kwashe shi ki sake ɗumamawa. Romon na nan da daɗinsa, nauyin ne ya tafi.

*Mai hawan jini*

Babban abin gudunsa gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano kuwa mafi yawansa gishiri ne, yajin da ake barbaɗa wa nama shi ma da gishiri da dunƙule a ciki. Ki daka masa nasa daban: citta, kanumfari, masoro, kimba da tafarnuwa. A ba shi tsoka dafaffiya ko gasasshiya, a nisanta shi da kitse da soyen da ya sha mai.

Zoɓo yana ɗan sauke jini, don haka mai shan maganin asibiti ya tsaya a kofi ɗaya, kuma kada ya ce zoɓon ya maye masa gurbin magani.

*Mai ciwon suga*

Shi kam ba naman ne ya fi yi masa illa ba. Abin da ke gefen naman ne: waina, sinasir, funkaso, tuwon shinkafa, cincin da lemon kwalba. Kwalba ɗaya ta lemo takan ɗauki sukarin da ya kai cokalin shayi 8 ko fiye. A yi masa tuwon acha ko dambu da zogale mai yawa, a rage malmala, a cika kwano da miyar ganye. A haɗa masa zoɓo ko ruwan tsamiya da citta ba sukari.

Wasu sukan ce ai zuma da dabino magani ne, sai su ci ba iyaka. Zuma waraka ce, babu shakka, amma tana ɗaga suga, dabino ma haka. Dabino ɗaya ko biyu ya isa, kuma ya auna sugansa a kwanakin nan.

*Mai gyambon ciki, mai ciwon gaɓoɓi da mai juna biyu*

Mai olsa a ba shi miyar da aka raba kafin attaruhu, ya ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada ya zauna da yunwa yana jiran a gama fiɗa.

Wanda babban yatsan ƙafarsa kan kumbura ya yi zafi kamar wuta idan ya ci nama, wanda likitoci ke kira gawut, ya ƙaurace wa hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, ya yawaita shan ruwa.

Mai juna biyu ta ci nama wanda ya nuna sosai, ban da mai jini-jini a tsakiya. Hanta kuma ta haƙura da ita, domin sinadarin bitamin A da ke cikinta yana da yawa, kuma yawansa na iya cutar da ɗan tayi. Jaririn da bai cika shekara ba kada a lasa masa zuma.

Tsoho mara haƙori ko mai jinya, a dama masa talbina: garin sha'ir cokali biyu a kofin ruwa ko madara, a dafa a wuta kaɗan har ya yi kauri kamar kunu. Nana A'isha (RA) ta kasance tana umurni da ita ga mara lafiya da mai baƙin ciki, kamar yadda ya zo a Bukhari.

*Ajiyar nama*

Da farko an hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabuƙata da suka shigo Madina, daga baya aka halatta. To ajiya halas ce, amma da sharaɗin kada ta zama cuta. Kayan ciki su ne ke saurin lalacewa, a wanke a dafa su ranar yanka. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Idan za a ɗumama, sai ya tafasa har ciki. Soye a bari ruwansa ya ƙone tas, a ajiye a busasshen mazubi, kada a sa jiƙaƙƙen hannu. In an ɗauke wuta naman firji ya narke ya canja wari, a zubar. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin naman. Man da ya yi baƙi yana hayaƙi shi ma a rabu da shi.

Mafi kyawun ajiya dai ita ce wadda ka kai gidan maƙwabcin da bai yanka ba.

*Gargaɗi*

Kada kowa ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai don Sallah. Idan ka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da ciwo, ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne, kada ma a ɗura masa komai a baki. A garzaya asibiti nan take, ana tafe ana addu'a.

Allah Ya karɓi layyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya maimaita mana. A tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da tukunyar gida.

Wassalamu alaikum.