Kwamfuta, Wutar Lantarki da Zafi a Kwarin Gulbin Rima

Gabatarwa

Masuntan Argungu da na Birnin Kebbi sun san minjirya tun kaka da kakanni. Kifi ce mai taushin jiki, wadda duk wanda ya kama ta da hannu sai ya ji jikinsa ya girgiza. Masana ilmin halittu sun auna wutar da babbar minjirya ke fitarwa, suka tarar takan kai bolt 300, wato ta zarce bolt 230 da ke shiga gidajen jama'a ta waya. Duk da haka ba mai iya kunna kwamfuta da minjirya, domin bugun nata ba ya wuce ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa guda. Wannan ya nuna cewa ƙarfin bugun wuta daban, yawan aikin da za ta iya yi kuma daban.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mutanen jihar Kebbi a yau. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, duk suna bukatar kwamfuta da intanet don rajista da bincike da rubuta kundi. Ga shi kuwa wuta ba ta wadata ba, zafin bazara kuma ya yi yawa. Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya fahimci abu guda: duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa, saboda haka wanda zai sayi kwamfuta a wannan yanki ya kamata ya yi lissafin wuta da na zafi tare.

Ma'aunai uku

Ana iya kwatanta wutar lantarki da ruwan da manomin shinkafa ke ja da inji a fadama. Bolt shi ne matsin da ke tura ruwan cikin mesa. Wat shi ne yawan aikin da ake yi a kowace daƙiƙa, kamar a ce saurin cikar fangali. Idan aka haɗa wat da tsawon lokaci sai a sami jimlar wutar da aka sha, kamar jimlar ruwan da gona ta sha a yini. Na'ura mai cin wat 1,000, idan ta yi aiki na awa ɗaya, ta ci abin da mitar gida ke kira yunit ɗaya. A kan wannan yunit ne kamfanin rarraba wuta ke cajin kuɗi.

Kwamfutar tebur irin ta da, haɗe da allonta, takan ci kimanin wat 150, wani lokaci ma fiye, musamman idan allon mai ƙeya ne irin na tsohuwar talabijin. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, a aikin rubutu da karatu, ba ta cika wuce wat 40 ba. 'Yar na'urar da ke rarraba intanet a ofis takan ci kamar wat 10. A aikin awa takwas, ta tebur za ta ci yunit 1.2, ta tafi-da-gidanka kuwa yunit 0.32. Aikin da suka yi ɗaya ne, amma cin wutar ya kusa ninki huɗu.

Jikin ɗan Adam da kwamfuta

Jikin mutum ma yana da nasa lissafin wat. Baligin da ke cin abinci mai ɗauke da kalori 2,000 a rana yana ƙona makamashi kimanin wat 100, idan aka raba bisa awa ashirin da huɗu. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, ita kaɗai tana ɗaukar kusan wat 20, kuma da wannan ɗan abin take sarrafa ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Har yanzu ba a ƙera na'urar da ta kai ta tsimin makamashi a irin ayyukan da take yi ba.

Amma su ma maƙera kwamfuta sun yi nisa. Kwamfutar ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka a 1946, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, tana cin wat 150,000, kuma lissafin tarawa 5,000 kacal take yi a daƙiƙa. A 1947 aka ƙirƙiro transisto, ɗan makunni da ya maye gurbin kwalaben nan. A 1971 kamfanin Intel ya jera transisto 2,300 a kan ɗan guntun silikon guda. Yau kuwa guntun da ke cikin wayar salula yana ɗauke da biliyoyinsu, kuma 'yan wat kaɗan yake ci.

Abin da ya haɗa jiki da kwamfuta shi ne wata ƙa'ida ta kimiyya, wadda ta ce makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Tuwon da mutum ya ci yana ƙarewa ne a matsayin ɗumin jiki. Haka nan duk lokacin da transisto ya buɗe ko ya rufe, ɗan zafi yake fitarwa. Kwamfuta mai cin wat 150 tana ɗumama ɗaki daidai da hita mai wat 150.

Jiki yana riƙe zafinsa a digiri 37 na ma'aunin Salshiyos, kuma babbar dabararsa ita ce zufa. Lita ɗaya ta zufa, idan ta bushe a kan fata, tana kwashe zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya. Kwamfuta ba ta zufa. Abin da take da shi shi ne wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji da ke zuƙe zafi daga guntun silikon, da 'yar fanka da ke hura masa iskar ɗaki. To a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a Birnin Kebbi kan haura digiri 40, iskar ɗakin ita kanta da zafinta. Idan zafin guntun ya doshi digiri 100, kwamfuta takan rage sauri da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta mutu ɗif. Sau da yawa mai ita zai ɗauka ƙwayar cuta ce ta kama ta, alhali kuwa zafi ne. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata laifin, domin tana toshe haƙoran ƙarfen nan kamar yadda majina ke toshe hanci, sai bazara ta zo ta tarar da hanyar iska a rufe.

Alal misali, a ɗauki zauren jarrabawa mai kwamfuta 250. Idan na tebur ne masu wat 150, za su fitar da zafin wat 37,500. Ɗalibai 250 da ke zaune gabansu za su ƙara wat 25,000 daga jikinsu. Jimla wat 62,500 ke nan a ɗaki guda, kuma dole na'urorin sanyaya ɗaki su ci tasu wutar kafin su fitar da wannan zafi waje. Idan kuwa aka sa na tafi-da-gidanka masu wat 40, zafin na'urorin zai sauko zuwa wat 10,000. Mai zauren ya rage girman janareton da zai saya, ya rage man da zai ƙona, sa'an nan ko wuta ta ɗauke, batirin kowace kwamfuta zai riƙe aikin ɗalibi har a tayar da inji.

Daga ina wutar take zuwa?

Mafi yawan wutar da ke isowa wannan yanki tana biyo babbar waya mai bolt 330,000 daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968 a kan kogin Kwara, kuma aka kafa mata injinan da jimlar ƙarfinsu ya kai megawat 760. Wayar tana sauka a babbar tashar Birnin Kebbi, inda ake rage matsinta zuwa bolt 132,000, a tura wani kaso Sakkwato, wani kuma ya ƙetara iyaka zuwa Yamai. Bayan rushe NEPA da magajiyarta PHCN, rarraba wuta ga gidaje a jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna ya koma hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna.

Dogaro da hanya guda yana da haɗari. A watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta lalata manyan taransifoma, garuruwa da dama a Kebbi da Sakkwato suka shiga duhu. A watan Agusta na wannan shekarar kuma Nijeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin Yamai, ba a mayar ba sai a 2024. Saboda irin wannan ne makarantu da masu shagunan kwamfuta suka koma ga janareto da batir da faifan hasken rana.

Batir da faifan hasken rana

A nan ma ilmin halittu yana da abin cewa. Masana sun daɗe da lura cewa ayyukan sinadarai a jikin halittu marasa ɗumin jini, irin su kifi da kwaɗo, sukan ninka sauri idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Shi ya sa kifin da aka kamo a Matan Fada yake saurin ruɓewa da bazara fiye da lokacin sanyi. Batir ma tukunyar sinadarai ce, kuma wannan ƙa'ida tana hawa kansa. Ana auna tsawon ran batirin darma a kan digiri 25. Duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana rage ransa da rabi. Batirin da aka yi don shekara huɗu, idan aka ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano da ke zama a digiri 35, zai yi wuya ya wuce shekara biyu.

Ga lissafin da ya kamata mai saye ya yi. Batir mai bolt 12 da aka rubuta masa 200Ah yana ɗauke da yunit 2.4. Amma batirin darma ba a tatse shi ƙasa da rabi, in ana son ya yi ƙarko, saboda haka yunit 1.2 ne abin amfani. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ita ma tana cin nata kaso. Kwamfutar tebur za ta cinye wannan cikin kimanin awa bakwai, ta tafi-da-gidanka kuwa za ta wuce awa ashirin da biyar.

Faifan hasken rana kuma haske yake so, zafi yana rage masa ƙwazo. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma yakan rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri guda da ya hau. Faifan da ya yi zafi har digiri 60 a kan rufi ya rasa wajen kashi 14 cikin 100, tun ba a yi maganar ƙurar da ta lulluɓe shi ba.

Ita ma intanet wuta take ci

Idan ɗalibi a Argungu ya aika saƙo ta waya, saƙon yana tashi zuwa turken sadarwa mafi kusa. Kowane turke yana bukatar wuta dare da rana, kuma akasarinsu a Nijeriya da janareton dizal da batir ake riƙe su. Daga nan saƙon yana bin wayar gilashi, wadda haske ke gudu a cikinta, har zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano ta 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 wasu wayoyin teku huɗu suka lalace a kusa da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har harkokin bankuna suka tsaya a wurare.

Ƙarshen tafiyar saƙon shi ne cibiyar ajiyar bayanai, wani katafaren gini cike da dubban kwamfutoci da na'urorin sanyaya su. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun sha yunit biliyan 415, wato kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, kuma kimanin ninki goma na abin da babban layin wutar Nijeriya ke samarwa a shekara. Wani ɓangare na kuɗin data da jama'a ke biya kuɗin dizal ne da na wutar waɗannan wurare.

Kammalawa

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tsohuwar kwamfutar tebur da aka shigo da ita daga ƙasashen sanyi tana da sauƙin kuɗi a ranar saye, amma mai ita zai ci gaba da biya a gidan mai da wurin mai sayar da batir. Kafin a saya, a duba lambar wat da ke rubuce a jikin na'ura ko a cajarta, a ninka da awannin aiki, a san yunit nawa za a nema a rana. A ɗora kwamfuta a kan tebur inda iska ke ratsawa, kada a ɗora ta a katifa ko darduma. A sa mai gyara ya hure mata ƙura a ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kankama. A ajiye batir a ɗaki mafi sanyi a gidan, a bar tazara tsakanin faifan hasken rana da kwanon rufi, a riƙa wanke shi da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Hukumomin makarantu kuma, idan za su tsara ɗakin kwamfuta, ya dace kasafin wuta da na iskar ɗakin su zo a takarda ɗaya da kasafin sayen na'urorin.