Me Sanyi Ke Yi Wa Ƙarfe?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera a nan cikin birni ya san sai ƙarfe ya yi ja a wuta sannan maƙeri ke lanƙwasa shi ya zama lauje ko fartanya. To idan zafi na sa ƙarfe laushi, me sanyi ke yi masa?

Ba sanyin hunturu nake nufi ba, wanda ke sa wasunmu makara. Wannan wasa ne. A Shika, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana adana maniyyin bijimai cikin ruwan naitirojin, don a yi wa shanu barbara ba tare da an kawo bijimi ba. Sanyin ruwan nan digiri 196 ne ƙasa da sifili. Firizar da ake ƙanƙara da ita kuwa wajen 18 take tsayawa.

Ƙarfe dai ƙwayoyin zarra ne a jere, layi bisa layi, kamar tulin littattafai. Idan aka danna shi, layukan kan zame a kan juna, shi ne muke ganin ya lanƙwashe. A baƙin ƙarfe, irin na rodi da ƙusa, tsananin sanyi yakan hana wannan zamewar. Tunda babu halin lanƙwasa, sai ya yi gautsi. 'Yar ƙaramar tsaga ta isa ta ruga ta raba shi biyu kamar tangaran.

An ga haka a Amurka. Ranar 16 ga Janairu, 1943, wani sabon jirgin ruwa na dakon mai, Schenectady, ya dare gida biyu yana tsaye a tashar Portland. Babu hadari, babu harbi, sanyi kawai. Wasu jiragen yaƙin duniya na biyu ma sun tsage haka. Wata masaniya a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Constance Tipper, ta nuna cewa ƙarfen ne ke yin gautsi a ruwan sanyi. Kuma da yake walda aka yi wa jiragen, tsagar ba ta samun inda za ta tsaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba kowane ƙarfe ke haka ba. Jerin ƙwayoyin alminiyon da na jan ƙarfe daban yake, layukansu na zamewa ko a sanyin naitirojin, har ƙarfi suke ƙarawa. Shi ya sa ake ƙera tulunan naitirojin da alminiyon, dangin na tukwanen gidajenmu.

Baƙin ƙarfen ma yana da magani, wato gauraye. Idan aka sa masa nikel kashi 9 cikin 100, yakan jure sanyin iskar gas da aka mayar ruwa, digiri 162 ƙasa da sifili, irin wadda Nijeriya ke lodawa a jirage daga tsibirin Bonny.

Daga wakiliyar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida