Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ƙasar Girka Take?

Wani mai sauraronmu daga Keita yana tambaya: yaya yanayin ƙasar Girkawa yake?

To Malam, Girka tana kudu maso gabashin Turai, teku ya kewaye ta ta ɓangare uku. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 132,000 ne, wato ta ɗan ɗara jihar Tahoua. Kusan kashi 80 cikin ɗari duwatsu ne. Mafi tsawo Olimfus, sama da mita 2,900. Ga tsibirai dubbai, babbansu Kirit.

Mutumin Adar, yankin da Keita take, ba zai yi baƙunta a can ba: manoman Girka ma jera duwatsu suke a gangare don tare ƙasa, kamar aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a Keita a 1984. Sai dai ruwansu lokacin sanyi yake sauka, shi ya sa zaitun da inabi suka fi karɓar ƙasar.